Yadda ake raɗa wa bukukuwan kiɗan gargajiyar Turai suna, da siyasar da ke ƙarƙashin sunan

Mafi yawan manyan kaɗe-kaɗen gargajiyar Turai ba su da suna irin wanda kunne zai riƙe. Lamba ce ke bambanta su: kiɗan Beethoven na tara, kiɗan Mozart na arba'in, da makamantansu. Wanda bai saba da wannan fage ba, ba zai sayi tikiti saboda ya ga lamba a allon talla ba. Shi ya sa masu shirya taron kiɗa ke tattara kaɗe-kaɗe da dama a ƙarƙashin jigo guda, su nema masa take mai jan hankali. Aikin ya yi kama da na editan da ke neman kanun labari: taken ya zama gajere, ya faɗi abin da ke ciki, kuma kada ya yi alkawarin abin da babu.

Dabarar ta daɗe. Kiɗan fiyano na Beethoven da duniya ta sani da "Hasken Wata" ba shi ya sa masa wannan suna ba. Ya samo asali ne daga kwatancen wani mai sharhi ɗan Jamus, Ludwig Rellstab, kuma ya bazu bayan mutuwar mawallafin a 1827.

A Amurka, misalin da aka fi ambata shi ne bikin da cibiyar Lincoln Center ta New York ta fara a 1966 da wani dogon suna da ke nufin kaɗe-kaɗen tsakiyar bazara. A 1970 aka mayar da shi Mostly Mozart, wato "Galibi Mozart". Kalmomi biyu ne masu farawa da harafi ɗaya, amma hikimar tana cikin ta farkon. Ta tabbatar wa mai sayen tikiti cewa zai ji Mozart, ta kuma bar wa masu shiryawa ƙofar sako Haydn ko wani dabam ba tare da an ce sun yi yaudara ba. Sunan ya rayu har zuwa 2023, lokacin da cibiyar ta yi bikin na ƙarshe.

A Landan kuwa, bikin Proms da Robert Newman da Henry Wood suka kafa a 1895 ya samo sunansa daga kalmar da ke nufin zagayawa a ƙafa, domin masu tikiti mai araha a tsaye suke sauraro. BBC ta karɓi ragamarsa a 1927, kuma a 2008 ta shirya zama na musamman da sunan shirinta na talabijin, Doctor Who, don jawo yara da iyayensu.

Inda batun ya fi nauyi shi ne Vienna, babban birnin Ostiriya. Kowace ranar 1 ga Janairu ana watsa "Kiɗan Sabuwar Shekara" na ƙungiyar makaɗa ta Vienna Philharmonic zuwa ƙasashe fiye da 90, daga wani zaure mai ado da zinariya da furanni. Sunan ba ya nuna komai sai murna. Amma an yi taron farko ne a ranar 31 ga Disamba, 1939, watanni kaɗan da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, Ostiriya tana ƙarƙashin mulkin 'yan Nazi. Clemens Krauss ne ya jagoranci makaɗan, kuɗin da aka tara kuma ya tafi asusun agajin hunturu na gwamnatin Hitler. A lokacin ana kiransa taron kiɗa na musamman, daga baya aka danganta shi da sunan Johann Strauss. Sai a 1946, bayan yaƙi, ya ɗauki sunan da ake saninsa da shi yau.

Shi kansa sunan Strauss sai da aka yi masa wanki. Akwai Bayahude a cikin kakannin iyalin, kuma maimakon a haramta kiɗan da jama'a ke ƙauna, hukumomin Nazi suka gurɓata rajistar coci a 1941 don ɓoye asalin. Sai a 2013 ƙungiyar makaɗan ta wallafa binciken masana tarihi da ya nuna cewa a 1942 mutum 60 daga cikin makaɗanta 123 'yan jam'iyyar Nazi ne, an kori 13 saboda asalinsu na Yahudanci ko na matansu, biyar daga cikinsu kuma sun mutu a hannun gwamnatin. Shekaru fiye da sittin ke nan ana tafi da murna kafin wannan bayani ya fito daga bakin ƙungiyar.

Akwai kuma lokacin da ake sa siyasa a cikin take da gangan, a fili. A Kirsimetin 1989, makonni bayan faɗuwar katangar Berlin, Leonard Bernstein ya jagoranci makaɗa daga Jamus ta Gabas da ta Yamma, da Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet, suka kaɗa kiɗan Beethoven na tara. Ya sauya kalma ɗaya a cikin baitin da ake rerawa, ya cire "farin ciki" ya sa "'yanci", aka kuma fitar da faifan taron da taken da ke nufin yabon 'yanci. Masu tsantseni a kan nassi sun yi ƙorafi, sai dai Beethoven da kansa ya taɓa yin irin haka: ya sa wa kiɗansa na uku sunan Bonaparte, sannan ya kankare sunan daga takardar a 1804 da ya ji Napoleon ya naɗa kansa sarki.

Take kan kuma zama kaya a wuyan masu shi idan yanayi ya juya. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta mamaye Ukraine, ƙungiyar Cardiff Philharmonic da ke yankin Wales ta soke shirin da ta tallata na kaɗe-kaɗen Tchaikovsky zalla, wanda ya haɗa da kiɗansa na 1812 mai murnar nasarar sojojin Rasha a kan Napoleon. Ta sha suka daga masu ganin ba daidai ba ne a ɗora wa mawallafin da ya mutu a 1893 laifin gwamnatin Putin, ita kuwa ƙungiyar ta ce kaɗe-kaɗen yaƙi ne ba su dace da lokacin ba.