Goma sha uku cikin ɗari

A 1957 likita E. Donnall Thomas, mai aiki a garin Cooperstown na Amurka, ya wallafa sakamakon ɗura ɓargon wasu a jijiyar majinyata 6. Babu wanda ya rayu. Dabarar kuwa ba ta da laifi: sankarar jini a ɓargo take tsirowa, saboda haka a ƙone marar lafiyan da haske da magunguna masu ƙarfi, a zuba lafiyayye, ƙwayoyinsa na asali su sake haifar jini. Sai dai jiki yakan kori baƙon ɓargo, ko kuma, abin da ya fi muni, baƙon ya far wa mai masaukinsa.

Masu bincike da yawa suka watsar da batun. Thomas ya koma kan karnuka shekara da shekaru, har ya tabbatar cewa dashen na kamawa idan alamomin jikin mai bayarwa da mai karɓa sun dace. A 1969, bayan komawarsa birnin Seattle, ya fara dashe tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Rahotonsa na 1977 ya ƙunshi majinyata 100 da magani ya gaza a kansu. 13 suka warke. Adadin ƙanƙani ne, amma kafin nan irin waɗannan sallamarsu ake yi.