Ɗakin kwanan direba a kan tirela

Ɗakin kwanan direba wani sashe ne da ake ginawa a bayan kujerun kan tirela, inda direban dogon zango yake kwana, yake ajiye kayansa, wani lokaci ma yake cin abinci. An fi samunsa a motocin da ke jigilar kaya tsakanin jihohi ko ƙasashe. Kan motar da ba shi da wannan ɗaki na aikin yini ne, wato direba ya fita da safe ya dawo ya kwana a gida. Da yake direban dogon zango kan yi makonni bai ga gida ba, ingancin ɗakin yana shafar barcinsa, rashin isasshen barci kuwa yana cikin abubuwan da ke haddasa haɗarin manyan motoci.

Tarihi

An fara saka wurin kwana a manyan motocin Amurka tun wajen shekarun 1920 zuwa 1930. Na farkon matsattsu ne ƙwarai, an yi su ne domin direba ɗaya ya miƙe yayin da abokin aikinsa ke tuƙi. A wancan zamani jihohi suna ƙayyade tsawon mota gaba ɗaya, don haka duk abin da aka ƙara wa kan mota sai an rage shi daga bodin kaya. A shekarar 1982 wata dokar tarayya ta hana jihohi ƙayyade tsawon mota gaba ɗaya a manyan hanyoyin ƙasar. Daga nan motoci masu dogon hanci da faffaɗan ɗaki suka mamaye kasuwa.

A Turai kuwa har yanzu ana auna mota daga goshi zuwa wutsiya, tirela ba ta wuce mita 16.5 a ƙa'ida. Shi ya sa motocin can suke da kai marar hanci, direba yana zaune a saman inji, ana neman sarari ta sama maimakon ta baya. Kamfanin Volvo ya fito da kai mai dogon rufi da ake kira Globetrotter a 1979, Renault kuma ya kawo mai shimfiɗaɗɗen daɓe a 1990. Bayan da Tarayyar Turai ta sassauta doka ga kawunan da aka ƙera don rage jan iska, DAF ya fito da samfurin XG da XG+ a 2021.

Abin da doka ta tanada

Dokar tarayyar Amurka ta ce wurin kwanan da aka saka bayan watan Satumba na 1975 kada ya gaza inci 75 a tsawo, wato kusan santimita 190, da inci 24 a faɗi, da inci 24 daga katifa zuwa sama. Dole ya samu hanyar shigar iska, da kariya daga hayaƙin inji, da abin da zai hana mai barci faɗowa idan aka taka birki da ƙarfi. Direba ba ya wuce sa'o'i 11 yana tuƙi sai ya huta sa'o'i 10. An yarda ya raba hutun gida biyu, tun 2020 kuma sharaɗin shi ne ya yi aƙalla sa'o'i 7 a jere a cikin ɗakin.

A Tarayyar Turai direba na iya yin hutunsa na kullum a cikin mota idan tana tsaye kuma tana da gado. Amma cikakken hutun mako na sa'o'i 45 ba a yarda a yi shi a mota ba. Kotun Tarayyar ta tabbatar da haka a Disamba 2017.

Girma da siffa

A Amurka ana bayyana girman ɗaki da inci, gwargwadon zurfinsa daga bayan kujeru zuwa bangon baya. Freightliner Cascadia na zuwa da inci 48, 60 ko 72. Kenworth T680 na da na inci 76, Peterbilt 579 kuma na da na inci 80. Rufi iri uku ne: gajere, matsakaici da dogo. Gajere da matsakaici sun fi dacewa da tanka ko buɗaɗɗen bodi. Dogon rufi yana ba mutum damar tsayawa a miƙe da saka gado na biyu a sama, yana kuma daidaita da tsayin rufaffen bodi, abin da ke rage shan mai.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓi

Na farko shi ne yawan kwanakin da ake yi a hanya. Mai kwana ɗaya ko biyu a mako ƙaramin ɗaki ya ishe shi. Direbobi biyu da ke tuƙi karɓa-karɓa kuwa suna bukatar ɗakin da ba ya jijjiga sosai, mai labule mai kauri, domin ɗaya yana barci ne mota na tafiya.

Na biyu shi ne nauyi. Dokar tarayyar Amurka ta ƙayyade mota da kayanta a fam 80,000, kimanin kilo 36,300. Babban ɗaki yana cin wani kaso na wannan nauyi, yana kuma sa motar ta yi wuyar juyawa a matsattsen wuri.

Na uku shi ne zafi da sanyi. Barin babban inji a kunne don na'urar sanyaya ɗaki yana shan wajen lita 3 na dizal a kowace sa'a, jihohi irin su Kalifoniya kuma sun hana barinsa a kunne fiye da minti 5 idan mota na tsaye. Saboda haka ake saka ƙaramin injin taimako, ko na'urar sanyi mai aiki da batir, ko ƙaramar hita mai amfani da dizal.

Sauran sun haɗa da kaurin katifa da tsawonta, da rufin bango mai tare ƙara, da wurin ajiyar kaya, da firji, da soket na lantarki. Mai sayen tsohuwar mota yakan duba yoyon rufi da warin danshi, da kuma ko hayaƙin salansa na shiga ciki, domin iskar da ke cikinsa na iya kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

A Najeriya

Da yawa daga tirelolin da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kano irin na Turai ne ko na Sin, kamar DAF, MAN da Howo, masu gado ɗaya ko biyu a bayan kujeru. Direbobi kan yada zango a wurare irin su Ogere, Tafa da Mararrabar Jos. A lokacin zafi wasu kan bar gadon su shimfiɗa tabarma a gindin mota tare da yaran motarsu, saboda ɗakin da ba shi da na'urar sanyin da ke aiki bayan an kashe inji ba ya kwantuwa.