Asalin Ɗurin Bindiga a Kudancin Kano

Bindigar da mafarautan Rano da Kibiya suke rataye da ita, wadda ake kira adaka ko bindigar toka, ta girmi harsashi mai kwanso da shekaru masu yawa, kuma ita ce tushen sana'ar ɗuri a wannan ƙasa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Waɗannan bindigogi na Turai ne, ta bakin teku suka shigo, kuma ta baki ake ɗura su.

Ɗuri yana da tsari, kuma kowane mataki yana da kayansa. Mai bindiga yakan auna albarushi, wato baƙin garin da ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani gishiri mai rura wuta, ya zuba ta bakin bindiga, ya bi shi da tsumma ko ɓawon itace, ya danna da tsinken ƙarfe, sannan ya saka harsashi ya sake dannawa. Harsashin kuwa dalma ce da aka narka aka dunƙula, in babu ita a yi da guntayen ƙarfe daga maƙera, ko ma tsakuwa. Idan aka ja kunama, dutsen ƙyastu ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama ɗan albarushin da ke gefe, wuta ta shiga ciki. Ma'aunin yana hannun mai ɗuri da idonsa, shi ya sa wanda ya cika albarushi domin neman ƙara yakan fasa bakin bindigarsa, wani lokaci har da yatsunsa. Albarushi kuma ba ya shiri da laima, don haka a cikin ƙaho ko ɗan gora mai toshi ake ajiye shi, kuma damina takan rage wa bindiga amfani ƙwarai.

Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta zama bakin daga a ƙarni na 19, bayan Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa sun kafu a duwatsun Ningi, inda magadansa irin su Ɗan Maje suka shiga kai hari kudancin Kano. Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1882) ya sha fita yaƙi da su. Sai dai kuskure ne a ɗauka bindiga ce ta riƙe wannan iyaka, domin kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya, ɗan baka ya saki kibau masu dafi da dama. Abin da bindiga ta fi bayarwa shi ne ƙara da hayaƙi masu firgita dawaki, da tsaron ganuwa. Damagaram ce ta fi zurfi a fannin bindiga, domin a zamanin Sarki Tanimu ana haɗa albarushi a Zinder, har ana zuba igwa ta tagulla.

A wannan zamani ne Turai da Amurka suka koma ga harsashi mai kwanso, wanda ya haɗa albarushi da dalma da ɗan maɓallin tayar da wuta a cikin gwangwanin tagulla guda. Da yake kwanson ba ya lalacewa da harbi ɗaya, mazauna yammacin Amurka, masu nisa da kanti, sukan tsince shi su sake cikawa, kuma a 1884 John Barlow ya fito da wani ɗan awartaki mai suna Ideal, wanda yake sanya sabon maɓalli, ya danna dalma cikin kwanso. A Afirka ta Yamma, maƙeran Samori Ture sun yi irin wannan aiki da hannu, suna gyara bindigogin Faransa suna sake cika kwanson da aka tsinto a fagen fama. Kano ba ta sami wannan dama sosai ba, ga nisa daga teku, ga kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890 wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu ta ƙyastu da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a farkon Fabrairun 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, da igwa, sannan ta ci Kano ran 3 ga watan.

Bayan zuwan Turawa, adaka ta bar fagen yaƙi ta koma hannun mafarauta da 'yan bindigar fada masu harba albarushi zalla a hawan salla. Maƙera suka koyi ƙera ta da bututun ƙarfe, wasu suka maye dutsen ƙyastu da ɗan maɓalli mai fashewa in kunama ta buge shi, kuma dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware wa bindigar da ake ɗurawa ta baki nata sashe, tare da sharaɗin neman lasisi.