Daga Sifawa Zuwa Naira

Wanda ya ɗauki hanyar Sakkwato zuwa Jega zai ratsa Boɗinga, Sifawa na nan gefe, kafin ya kai Shagari. Tafiyar ba ta da nisa, amma a wannan ɗan tsakanin aka zauna da tambayar da ke damun duk al'ummar da ta fito daga daula ta shiga ƙasa irin ta zamani: wa zai karɓi kuɗin talaka, kuma ina za a kai shi?

Shehu Usmanu ya zauna Sifawa har 1815, kuma a can ne a 1812 ya raba jagorancin daula, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ke zaune Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Mutanen nan ba su ɗauki haraji ƙaramin abu ba. A Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da sarakunan Haɓe ke cin mutane da su. Abdullahi ya fi kowa zafi. Tun jihadi bai ƙare ba ya ga mayaƙa sun karkata ga ganima da sarauta, ya kama hanyar gabas da niyyar hajji, Kanawa suka tsare shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a. A wurinsa baitulmali amana ce, sarki mai tsaro ne kawai.

Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903. Ba su rushe sarauta ba, suka mai da ita hannun karɓar haraji. Jangalin da Shehu ya soka ya samu rasit, baitulmali ya zama ofishin En'e, sarki da alƙali suka koma masu albashi. A wannan tsari aka haifi Shehu Shagari a 1925, a garin da kakan mahaifinsa Ahmadu Rufa'i ya kafa.

Shekara bakwai kafin nan, a tsakiyar Turai, wata al'umma ta fita daga tata daular. Mutanen Cek sun yi kusan shekara 400 ƙarƙashin sarakunan Ostiriya, kuma ba tun farko suka nemi ɓallewa ba. A 1848 babban masanin tarihinsu, Palaski, cewa ya yi a bar daular, a mai da ita tarayya, domin ƙananan al'ummu ba za su iya tsayawa su kaɗai tsakanin Jamus da Rasha ba. Sai da yaƙin duniya na farko ya karya daular Masarik da abokansa suka kafa Cekoslobakiya, ranar 28 ga Oktoba 1918. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin ministan kuɗinsu, Rashin. A ƙarshen Fabrairu 1919 ya rufe iyakoki, aka bi takardun kuɗin daula ana manna musu tambari, aka riƙe rabi a matsayin bashin dole ga gwamnati. Yayin da kuɗin Ostiriya ke zama takardar tsire, nasu ya tsaya. Shi kuwa harbe shi aka yi a 1923.

Su sun yanko ƙaramar ƙasa ne daga babbar daula. Jikokin masu jihadi akasin haka ya same su: an zuba daularsu cikin ƙasar da ta fi ta girma, mai tashar jiragen ruwa a Ikko. Shi ya sa tunaninsu ya fi kama da na Palaski. A 1953, bayan rikicin ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Ikko, manyan Arewa sun yi tunanin raba gari. Babban abin da ya ja musu burki shi ne kuɗin kwastan da hanyar fitar da gyaɗa da auduga, tunda Arewa ba ta da teku. Suka zaɓi tarayya mai sassauci. Shekara ɗaya bayan haka Shagari, malamin makaranta, ya ci zaɓen majalisar wakilai a NPC.

Shi ne kwamishinan kuɗi na tarayya ranar 1 ga Janairu 1973, da naira ta maye fam, naira biyu fam ɗaya. Sai dai nauyin nairar ba daga gumin manomi ya fito ba, daga fetur ne. A nan, a ganina, igiyar ta tsinke. Gardamar Abdullahi duka a kan haƙƙin mai biya ne a wuyan mai karɓa, to gwamnatin da ba ta buƙatar kuɗin talaka da wuya ta ji tsoronsa. Shagari ya san wannan tarihi sarai, don shi da Jean Boyd sun wallafa littafi kan shugabancin Shehu a 1978. Da ya hau mulki a 1979, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta shewa, kuma suna da gaskiya, don an daɗe ana ɗaure mutane a kansu. Shi kuma ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma, amma da farashin mai ya faɗi sai ga dokar tsuke bakin aljihu a Afrilu 1982, sai ga sojoji ranar 31 ga Disamba 1983. Bayan sakinsa a 1986 garinsu aka mai da shi.

Yau Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne masu jiran kason wata daga Abuja. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura musu kai tsaye, ba ta hannun gwamna ba.