Cibiyar NIPRD da Maganin Niprisan: Amfanin Cibiyoyin Binciken Lafiya na Gwamnati

Cibiyoyin binciken lafiya na gwamnati su ne waɗanda ake gudanarwa da kuɗin al'umma domin nazarin cututtuka da samar da magunguna. Babban amfaninsu shi ne ɗaukar binciken da kamfanoni ke gudu saboda ba ya kawo riba da wuri. Misali a Najeriya shi ne NIPRD, cibiyar bincike da inganta magunguna ta ƙasa da ke Idu, Abuja, wadda ta fara aiki a 1989.

Yadda aka samar da Niprisan

Ana haifar jarirai kusan 150,000 masu cutar sikila a Najeriya duk shekara. A shekarun 1990, masanan cibiyar ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe sun haɗa kai da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, suka nazarci haɗin da yake ba masu cutar. Haɗin ya ƙunshi masoro, kanumfari, ganyen dawa da itacen da Yarbawa ke kira osun.

An daidaita adadin kowane sinadari, aka auna gubarsa, sannan aka gwada shi a jikin marasa lafiya. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, amma ba ya warkar da cutar.

Tasiri ga ilimi da masana'antu

Aikin ya horar da masana a gida kan gwajin magani, ya kuma nuna yadda za a kare haƙƙin mai ilimin gargajiya ta hanyar rubutacciyar yarjejeniya.

Sai dai gano magani daban, kai shi hannun majinyaci daban. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, maganin ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Bayan kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi ƙaranci na tsawon shekaru, har aka ba May & Baker lasisi a 2018. Wannan ya nuna cewa cibiya tana buƙatar masana'anta mai ƙarfi da kuɗi masu ɗorewa kafin bincikenta ya amfani jama'a.

Shawara ga masu sikila

Kada a haɗa waɗannan itatuwa a gida da sunan Niprisan. A tuntuɓi likita kafin fara kowane magani.