Awon Yara a Hanyar Jibiya: Daga Ina Ma'aunin Ya Fito?

Duk uwar da ta goya ɗanta daga Daddara zuwa wurin masu kula da tamowa a Jibiya ta san yadda ake yi. A ɗora yaro a sikeli, a kwantar da shi bisa katako a auna tsawonsa, sannan ma'aikaciya ta bi jadawali da yatsa. Abin da take nema shi ne makin z, wato taki nawa nauyin yaron ya yi ƙasa da na tsaka-tsakin lafiyayyun yara masu tsawonsa. A ganina, wannan awo ya fi kallon ido yi wa 'ya'yanmu adalci, ko da yake baƙo ne.

Ba don yara aka ƙirƙiro lissafin ba. Abraham de Moivre ya gano shi a 1733 yana nazarin wasan sa'a, Gauss ya yi aiki da shi a 1809 wajen awon taurari. Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam, shi ya juyo da shi kan jikin ɗan Adam, inda a 1846 ya nuna faɗin ƙirjin sojojin Sikotlan sama da 5,700 ya taru kamar tsibin gero a masussuka: tudu a tsakiya, gefe da gefe na sirancewa. Daga siffar tsibin ake sanin rabon kowane gefe. A cikin lafiyayyun yara, kimanin 23 cikin 1,000 ne kawai ke faɗawa taki biyu ƙasa da tsakiya, taki uku kuwa kusan yaro 1 cikin 740. Saboda haka idan aka auna yaran gari aka samu 15 cikin 100 ƙasa da taki biyu, wanda shi ne haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin halin gaggawa, babu mai cewa tsautsayi ne.

Akwai masu cewa ma'aunin Turawa ne, mu kuwa haka Allah ya yi mu sirara. A da maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin jadawalin 1977 da yaran Amurka aka gina shi, akasarinsu masu shan madarar gwangwani. Amma na 2006 an ɗauko shi ne daga yara kusan 8,500 na Gana, Indiya, Oman, Barazil, Norwe da Amurka, masu shan nonon uwa, aka kuma tarar girmansu kusan ɗaya ne muddin akwai ci da kulawa. Maraɗi, maƙwabciyar Jibiya, ta nuna amfanin sauyin. Bayan yunwar 2005, da aka sake duba bayanan da likitocin Na-gari Na-kowa suka tara a can a 2006, sabon ma'aunin ya kamo yara masu tamowa mai tsanani kusan ninki takwas na waɗanda tsohon ya kamo. Waɗannan yara ne da a da sai sun ƙara lalacewa kafin a karɓe su.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne sikeli na iya ruɗuwa, tunda yaron da ya kumbura nauyin ruwa ke gare shi. Haka ne, shi ya sa ake danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in gurbi ya zauna a karɓe shi ko me jadawali ya ce. Tun 2009 kuma ana karɓar duk yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba.