Yadda zafin baƙin mai ya sauya fuskar Porsche 911

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya san lambobin Peugeot: 404, 504, 505. Lamba uku, sifili a tsakiya. Wannan sifilin ne ya sa wata shahararriyar motar Jamus ta canza suna tun ba ta kai hannun masu saye ba. A watan Satumba na 1963, wurin baje kolin motoci na Frankfurt, kamfanin Porsche na birnin Stuttgart ya fito da sabuwar motarsa ta gudu da lamba 901. Peugeot ya ce bai yarda ba, a Faransa duk lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce. Porsche bai tsaya ja-in-ja ba, ya cire sifili ya sa ɗaya, aka sami 911.

Na san babu malamin makaranta a cikinmu da albashinsa zai kai shi kusa da wannan mota. Abin da ya sa na ɗauko tarihinta shi ne, a shekaru 35 na farkon rayuwarta, kusan duk wani canji da aka yi wa goshinta akwai lissafi a bayansa, na zafi ko na iska ko na nauyi. Darussan da muke rubutawa a allo ke nan yara na hamma, ga su an zuba su cikin ƙarfe.

Injin 911 ta farko a can ƙarshen baya yake, bayan tayoyin baya ma. Silinda shida ne, uku na kwance dama uku na kwance hagu, girmansa lita 2, ƙarfinsa doki 130. Babu ruwa a cikinsa, babu radiyata. Wata babbar fanka ce a kansa take hura iska bisa haƙarƙarin silindojin, irin haƙarƙarin da kuke gani a injin moton kabu-kabu. Shi ya sa ake cewa iska ke sanyaya shi. Maganar rabin gaskiya ce. Iska bayan ƙarfe kaɗai take taɓawa. Can ciki, inda fistin ke kai da komo kuma ƙarfe ke gugar ƙarfe, baƙin mai ne ke shiga ya kwaso zafi ya fito da shi. Don haka Hans Mezger da sauran injiniyoyin da suka tsara injin ba su bar man ya kwanta a kwanon da ke ƙarƙashin inji ba kamar yadda yake a sauran motoci. Tanki suka yi masa na daban a gefe, famfo guda na zuƙo shi daga inji, wani na mayar da shi. Motar gida lita huɗu ko biyar ta ishe ta. Ita 911 ta fara da wajen lita tara, daga baya ta kai kusan goma sha uku. Da farko ƙaramar na'urar huce mai guda ɗaya ce manne a jikin inji, fankar nan na hura ta, kuma ta wadatar.

Matsalar farko da ta kai masu gyara ga goshin motar ta nauyi ce. Tun da inji na baya, gaba ya yi sakayau, motar kan yi wa direba gardama a kwana. Maganin da kamfanin ya fara yi abin dariya ne: aka ɓoye dunƙulen ƙarfe mai kilo 11 a kowane gefe na bambar gaba, wadda makanikanmu ke kira parashok. Kamfanin da ke alfahari da rashin nauyin motarsa ne ke ɗaura mata duwatsu. A samfurin 1969 aka yi gyaran gaskiya, aka matsar da tayoyin baya da milimita 57, aka raba batir gida biyu, aka sa ɗaya a kowane gefen gaba.

A wannan shekarar ce kuma zafi ya fara tambayar haƙƙinsa. Samfurin 911 S ya kai doki 170, kuma duk dokin da aka ƙara, wuta aka ƙara. Na'urar da ke jikin inji ta kasa. A baya babu wurin sa ta biyu, iskar wurin ma ta riga ta ɗumama. Sai aka ja bututu biyu daga inji, suka bi ta ƙarƙashin ƙofar dama har gaba, aka ajiye na'ura ta biyu a kumatun motar, kusa da tayar gaba ta dama. Aka sa tamostat a hanya: in mai da sanyi, ƙofa a rufe take, in ya haura digiri 80 da ƴan kai, ta buɗe ya tafi gaba ya sha iska ya dawo. Tamostat ɗin nan ba ado ba ne, don man da ya yi sanyi da yawa kauri yake yi, ba ya ratsa ƙananan hanyoyi, kuma ruwan da ke taruwa a cikinsa ba ya ƙonewa. Daga ranar, motar da injinta ke baya ta koma numfashi ta gaba.

Samfurin 1972 ya zo da abu biyu, ɗaya ya zauna, ɗaya ya mutu cikin shekara. Wanda ya mutu shi ne matsar da tankin mai zuwa gaban tayar baya ta dama, don nauyi ya dawo tsakiya, aka yi masa ƴar ƙofa a waje kamar ta fetur. Labarin da ya bazu shi ne masu zuba fetur a gidajen mai sun riƙa buɗe ƙofar suna ɗura fetur cikin baƙin mai. Shekara na zagayowa aka mayar da tankin inda yake. Injiniya ya yi lissafinsa daidai, ya manta da yaron da ke riƙe da tiyo.

Wanda ya zauna kuwa shi ne leɓen da aka yi wa bambar gaba. Siffar 911 in ka dube ta daga gefe ta yi kama da fiffiken jirgin sama, ƙasa a shimfiɗe, sama a gantsare. In gudu ya yi gudu, iska sai ta riƙa ɗaga ta, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Wani matashin injiniya, Tilman Brodbeck, wanda fannin jiragen sama ya karanta, shi aka ba aikin. Ya shiga zauren gwajin iska, inda ake kafa mota a hura mata guguwa ana auna abin da ke danna ta da abin da ke ɗaga ta, ya fito da ƴar haɓa a ƙasan bamba wadda ke hana iska cusa kai ƙarƙashin mota. Wanda bai sani ba zai ce kwalliya ce.

Daga nan sai Carrera RS 2.7, wadda aka nuna a Paris a watan Oktoba na 1972. Dokar tsere ta ce sai kamfani ya ƙera 500 na sayarwa kafin a yarda motar ta shiga rukunin da yake so. Masu kula da ciniki a kamfanin suna tsoron za a rasa masu saye, sai ga shi an ƙera 1,580. Doki 210 gare ta, nauyin mafi sauƙinta bai kai tan ɗaya ba, tana taɓa kilomita 240 a awa. An fi saninta da ɗan tudun da ke kan murfin injinta, wanda Jamusawa suka yi wa laƙabi da wutsiyar agwagwa, aikin Brodbeck da Hermann Burst. Wutsiyar na danne baya, tana kuma taimaka wa iska ta shiga wurin fanka. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a gaba yake. A tsakiyar bambar akwai wani fili mai kusurwa huɗu da aka bari a toshe. A ƴar uwarta ta tsere, RSR mai doki wajen 300, wurin nan a buɗe yake, babbar na'urar huce mai na zaune a ciki, ta fuskanci iska kai tsaye maimakon ɓuya a bayan fitila. Da wannan fuska RSR ta ci tseren awa 24 na Daytona a Amurka a farkon 1973, ta kuma ci Targa Florio a tsibirin Sisili a shekarar.

Iyaye, a nan nake so mu ɗan tsaya. Sau nawa uba ke zuwa makaranta ya ce zai cire ɗansa ya kai shi gareji, wai tun da kansa ba ya ja, ai makanikanci ba ya son boko? Ku dubi abin da aka buƙata kafin a huda rami ɗaya a bambar mota: sanin yadda zafi ke tafiya daga mai zuwa ƙarfe zuwa iska, sanin cewa yawan zafin da ke fita ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin mai da zafin iskar waje, da iya karanta ma'auni a rubuta a kwatanta. Wannan magana ta tazara mu ta fi shafa. Na'urar da ta wadatar a Stuttgart, inda rani ke wasa a digiri ashirin da wani abu, ba za ta wadatar a Tawa cikin watan Afrilu ba, lokacin da inuwa ma ta haura 40. Yaron da ya fahimci haka ba zai bar laka ta toshe haƙarƙarin injin motonsa ba, ba zai yi wata uku bai canza mai ba don baƙin cikin jika biyu. Gareji na koya wa hannu aiki, ban raina shi ba ko kaɗan. Amma wanda ya bi ta makarantar koyon sana'a, ko ta lise irin ta Dan Kassawa a Maraɗi, ya shiga gareji da lissafi a kansa, shi ke gane dalilin lalacewa, saura kuwa canza kaya suke yi har a dace.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna abin da ke faruwa in aka yi wa zafi rowa. A 1974 dokar Amurka ta tilasta bambar da za ta jure karo a gudun kilomita 8 a awa ba tare da fitilu sun fashe ba, sai goshin 911 ya yi kauri, murfin gaba ya gajarta. Sannan dokar hayaƙi, musamman ta Kalifoniya, ta sa aka ɗaura wa injin lita 2.7 wasu tukwane a bakin salansa masu ƙone ragowar hayaƙi, zafinsu kamar maƙera, a daidai ƙarƙashin silinda. Aka kuma rage fukafukan fanka daga goma sha ɗaya zuwa biyar. Da yawa daga motocin ba su da na'urar gaba, masu ita kuma wani lanƙwasasshen bututu ne kawai wanda ake wa laƙabi da kakaki. Gangar injin ta magneziyam ce, ƙarfe marar nauyi amma mai laushi in ya sha wuta. Dogayen kusoshin da ke riƙe kan silinda suka riƙa tsinke zarensu suna zarewa. A 1978 samfurin SC ya zo da ganga ta alminiyam da fanka mai fukafukai goma sha ɗaya, daga baya kuma aka maye kakakin da na'ura mai siffar radiyata, har aka ƙara mata ƴar fankar lantarki saboda cunkoson gari, inda mota ke tsaye babu iskar da ke bugun goshinta.

Ƙasarmu ta ga wannan mota da idonta. A watan Janairu na 1984 tseren Paris-Dakar ya ratso Aljeriya ya shigo Nijar ta Tenere da Agadas, kuma 911 mai jan taya huɗu, wadda aka ɗaga ta sama aka rage wa injinta ƙarfi don ya iya shan fetur ɗin da ake samu a hanya, ita ta zo ta ɗaya a hannun René Metge da Dominique Lemoyne. A 1986 Metge ya sake ci da Porsche 959, Jacky Ickx na biye da shi. Shekarar ce Thierry Sabine, wanda ya kafa tseren, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, aka watsa tokarsa a gindin wata bishiya a Tenere. Ita 959 ta riga ta nuna inda aka dosa, don silindojinta iska ke sanyaya su amma kawunansu ruwa ne. Bawul huɗu a kan kowace silinda ba sa barin wurin da iska za ta bi. Dokokin hayaƙi da na ƙara suka ƙarasa sauran. A 1997 aka fito da 911 mai radiyata, a 1998 aka ƙera ta ƙarshe mai fanka.

Yau a Turai da Amurka akwai masu sayen 911 ta shekarun 1980 su cire mata bamba mai kauri, su sa dogon murfi da fuskar RSR ta 1973, su ƙara wa inji girma. Masu son a bar kayan tarihi yadda yake suna ganin ɓarna ce, ni kuwa ina ganin motar da tun asali gyara ya raine ta ba za a hana ta gyara ba. Inda da yawansu ke faɗawa rami shi ne su sayi babbar na'ura su manna ta a tsakiyar bamba, su tarar allurar zafi ba ta sauka yadda suka zata ba. Dalili kuwa, a bayan na'urar bangon but ɗin gaba ne, tazararsu ba ta fi faɗin yatsu ba. Iska ta shigo ta rasa mafita, ta tsaya cik, wadda ke bayanta ta kauce ta gefe. Masu RSR na asali yanke bangon suka yi, suka karkata shi baya, suka buɗe wa iska hanya ta fice ta ƙarƙashin mota. Wanda ke son fuskar 1973 ta yi masa aikin da ta yi a 1973, sai ya yarda a sa wa motar da ya saya da tsada zarto a wurin da ba mai gani.